Ariel Bugun 2004: Littafin da Ya Canza Mini Matar da Na Ɗauka Na Sani

Kwafi biyu na littafi ɗaya ne a gabana yanzu. Ɗaya siriri ne, bangonsa ya yi laushi saboda yawan juyawa, na saye shi tun ina ɗaliba. Ɗayan mai kauri ne, bai fi wata huɗu a hannuna ba. Dukkansu sunansu Ariel, dukkansu sunan Sylvia Plath ne a jiki, amma in mutum ya karanta kowanne daga farko har ƙarshe sai ya rantse mata biyu ne suka rubuta su. Mai kaurin nake son yin magana a kansa, wato bugun 2004 da aka mayar da waƙoƙin yadda mai su ta jera su da hannunta, wanda kamfanin Faber and Faber ya fitar a Ingila, HarperCollins kuma a Amurka.

Ga wanda bai san ta ba, Plath Ba'amurkiya ce, an haife ta a Boston ranar 27 ga Oktoba 1932. Ta yi karatu a Kwalejin Smith, ta samu tallafin karatu zuwa Cambridge, a can ta haɗu da marubucin waƙoƙi Ted Hughes, suka yi aure a 1956. Sun haifi 'ya'ya biyu, Frieda a 1960, Nicholas a 1962. A ƙarshen 1962 auren ya watse saboda shigowar wata mace, aka bar ta da yara biyu a wani tsohon gida a ƙauyen Devon. A Disamba ta kwashe su ta koma Landan, ta faɗa cikin hunturun da Ingila ta daɗe ba ta ga irinsa ba: bututun ruwa ya daskare, ga mura, ga gida babu wayar tarho. Tana da ciwon tsananin damuwa tun tana budurwa, har an taɓa kwantar da ita a asibiti a 1953. Ranar 11 ga Fabrairu 1963 ta kashe kanta, tana da shekara 30. A kan teburinta an samu baƙin fayil ɗauke da waƙoƙi 40 da ta buga da tafireta, ta jera, ta sa musu suna.

Abin da ya fito kasuwa a 1965 ba wannan jerin ba ne. Hughes, wanda har lokacin shi ne mijinta a hukumance, ya cire waƙoƙi fiye da 10, ya cusa wasu da ta rubuta daga baya, cikinsu har da na makonninta na ƙarshe, ya kuma ajiye su a ƙarshen littafin. Wannan shi ne siririn kwafin nawa. Shi duniya ta karanta kusan shekara 40.

Ina da shekara 21 lokacin da na fara karanta shi, kuma na tuna yadda na rufe shi jikina a sanyaye. Yana farawa da haihuwa, ya bi ta asibiti, ta fushi, ta mahaifin da ya mutu, yana ta gangarawa har ya kai ga waƙar nan da ake kira Edge, inda mace ke kwance ta mutu, an ce ta kammala, 'ya'yanta a naɗe a jikinta, wata yana kallo daga sama ko a jikinsa. Bayanta waƙa ɗaya ce tak, sai bango. Duk wanda ya san ranar da ta mutu, ya kuma san an rubuta wannan waƙar ranar 5 ga Fabrairu, kwana 6 kafin nan, ba zai iya karanta littafin a matsayin diwani ba. Wasiƙar bankwana zai gani. Haka na gan shi, haka kuma na riƙa ba ƙawayena labarinsa: wata mata ce da ta rubuta hanyarta zuwa kabari, ɗango bayan ɗango. Na yi shekaru ina jin na san ta, alhali mutuwarta kawai na sani.

Da sabon kwafin ya iso, abin da na fara yi shi ne buɗe shafin ƙarshe na waƙoƙin. Babu Edge. Babu matar da ke kwance. Ƙudan zuma na tarar.

A jerin da Plath ta yi, littafin yana ƙarewa ne da waƙoƙin kiwon zuma. Ta yi kiwon da gaske a Devon a 1962, mahaifinta Otto Plath kuma, wanda ya rasu tana da shekara 8, masanin ƙwari ne da ya rubuta littafi guda a kan wani nau'in ƙudan zuma. A waƙar zuma ta farko maƙwabta sun kai ta wajen amya, kowa ya rufe jikinsa, ita kaɗai ce babu kariya, tana tsaye cikin tsoro. A ta biyu akwatin zuman ya iso gidanta, tana jin rugugin da ke ciki, tana shawarar ko ta buɗe. A ta uku ta ce tana da wata kai tata da za ta ƙwato, sarauniya, sai ga tsohuwar sarauniyar da aka ɗauka ta mutu ta tashi sama. Ta ƙarshe ita ce ta zaman hunturu. Ta kwashe zumarta, kwalba 6, ta ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu. Ƙudan sun dunƙule wuri ɗaya saboda sanyi, suna rayuwa a kan ruwan sukari, sun kori mazan, saura mata zalla. Wannan ba ƙirƙira ba ce, haka zuma ke yi in sanyi ya gabato. Sai ta shiga tambaya: ko amyar za ta kai labari? Ko za su ga wata shekara? Ɗangon ƙarshe ya ce ƙudan sun tashi, sun ɗanɗano lokacin da sanyi ke janyewa itatuwa su fara toho. Sunan wannan lokacin shi ne kalmar ƙarshe a littafin. Kalmar farko kuwa, a waƙar da ta yi wa jaririyarta, ita ce so.

Na zauna shiru na ɗan lokaci. Mace ce da miji ya tafi, tana tashi ƙarfe 4 na asuba ta yi rubutu kafin yara su farka, a watan Oktoba 1962 kaɗai ta rubuta waƙoƙi fiye da 20, ta rubuta wa mahaifiyarta cewa waɗannan ne mafi kyau a rayuwarta kuma su za su fitar da sunanta. Da ta zo jera su, sai ta fara da so, ta ƙare da tsira daga sanyi. Wanda ke shirin tafiya ba haka yake jera kayansa ba. Wannan jerin na mai niyyar ganin baɗi ne.

Abin da kuɗinka zai saya maka ke nan a taƙaice, amma littafin ya fi haka yawa, ya haura shafi 200. Da farko akwai gabatarwar Frieda Hughes, 'yar da aka yi wa waƙar farko. Sai waƙoƙin 40 da bugu mai kyau. Sai hoton ainihin takardun da Plath ta buga da tafireta, shafi bayan shafi, waɗanda ke ajiye a Kwalejin Smith. Sai hoton daftarorin waƙar da ta ba littafin suna, da rubutun hannunta da duk soke-soken da ta yi. A rataye akwai wata waƙar zuma ta biyar da ta sa sunanta a jerin abin da ke ciki amma ba ta sa ta cikin fayil ɗin ba, da kuma 'yan bayanan da ta shirya don gabatar da wasu waƙoƙin a rediyon BBC. Ƙarshe sai bayanin bambance-bambancen kalmomi da alamomin rubutu tsakanin bugu da bugu.

Waƙoƙin da aka cire su suka fi riƙe ni, domin ban taɓa karanta su a wurinsu ba. Ta uku a jerin, mai maganar mai ɗana wa zomaye tarko, tana kwatanta aure da zaren waya da ke shaƙe wuya. Akwai wadda miji ya zama gandiroba. Amma wadda na fi komawa kanta ita ce ta mai binciken laifi. An kira shi wani gida a kwari, ya duba ko'ina, babu gawa, babu makami, babu jini. Gidan a goge yake tas. Sai ya gane matar ɓacewa ta yi da kaɗan-kaɗan. Bakinta ne ya fara tafiya, a shekara ta biyu aka lura babu shi. Daga nan sauran jiki ya bi, har ba abin da ya rage. Ban san wata waƙa da ta kama wannan abin kamar ita ba: yadda mace za ta kasance cikin gida, tana dafawa, tana shara, tana amsa sallama, amma ita ɗin ta daɗe da tafiya, kuma ba wanda za a kama da laifi domin ba a ga gawa ba. Na karanta ta ina jego na biyu, a watannin da in an tambaye ni me nake so sai in rasa amsa, domin na manta yadda ake son abu don kai. Da na gama sai na ajiye littafin na je na tsaya gaban madubi.

Idan aka mayar da waɗannan wurinsu, sauran waƙoƙin da na sani ma sai suka canza fuska. Ta furannin asibiti, alal misali. Ta rubuta ta a 1961 bayan an yi mata tiyata. Tana kwance cikin farin ɗaki, ta miƙa wa ma'aikatan jinya sunanta da tufafinta, ta miƙa wa likita jikinta, tana jin daɗin zama ba kowa ba. Hoton mijinta da 'yarta da ke gefen gado ma ji take kamar ƙugiyoyi ne suka kama fatarta. Sai aka kawo mata jajayen furanni, jansu ya dame ta, ya hana ta nutsewa cikin farin nan, har ta fara jin bugun zuciyarta. A tsohon bugu na karanta ta a matsayin begen mutuwa. A nan, tsakanin waƙoƙin auren da ke shaƙe ta, sai na ga gajiya ce, gajiyar wadda kowa ke kira da sunan abin da take yi masa. Kuma na lura da abin da na tsallake a da: a ƙarshen waƙar furannin ne suka yi nasara, sun jawo ta ta dawo.

Haka ta neman aure, inda wani mai talla ke yi wa saurayi tallar mata kamar kayan kanti, 'yar tsana mai rai da ta iya ɗinki, ta iya girki, ta iya magana, kuma daga farko har ƙarshe da lamirin da ake kiran kaya yake kiranta. A jerin Plath ita ce ta biyar, tana zuwa bayan ta tarkon zomaye da waƙa ɗaya a tsakani. Mai karatu ya riga ya ga inda cinikin ya ƙare kafin a nuna masa yadda aka ƙulla shi.

Gabatarwar Frieda kaɗai ta isa dalilin sayen littafin. Na shiga karanta ta ina zaton ko dai za ta wanke mahaifinta ko ta yanke masa hukunci. Ta bayyana dalilansa: wasu waƙoƙin sun yi wa mutane masu rai rauni, dangi da maƙwabta da abokai da za a iya ganewa, wasu kuma yana ganin na baya sun fi su ƙarfi. Mutum zai iya yarda ko ya ƙi. Ni ban gamsu duka ba, domin cikin waɗanda aka cire akwai waɗanda shi ne abin sukarsu, kuma bai kamata wanda ake ƙara ya zama alƙali ba. Shi ne kuma ya faɗa da bakinsa cewa ya lalata kundin ajiyar sirrinta na ƙarshe don kada yaran su karanta. Amma adalci ya sa in ce shi ɗin ne ya fitar da jerin nata na asali a bayanan da ya yi wa tarin waƙoƙinta na 1981, littafin da ya samo mata kyautar Pulitzer a 1982 bayan rasuwarta. Da ya so ɓoyewa da ya ɓoye.

Wurin da gabatarwar ta fi taɓa ni shi ne labarin allon tunawa. A Landan akwai al'adar liƙa shuɗin allo a bangon gidan da wani shahararre ya zauna. Da aka zo yi wa Plath, sai aka nufi gidan titin Fitzroy inda ta mutu, gidan da ba ta fi wata 2 a ciki ba. Frieda ta ƙi. Ta ce a kai shi gidan Chalcot Square, inda iyayenta suka zauna kusan shekara 2, inda aka haife ta, inda mahaifiyarta ta rubuta ƙagaggen labarinta guda ɗaya. Mutane suka yi ta ƙorafi, wai inda ta mutu ne ya dace. A shekarar 2000 aka liƙa allon a inda 'yar ta ce. Ka duba fa, baƙi ne da ba su taɓa ganin matar ba suke jayayya da 'yar cikinta a kan cewa mutuwar ta fi rayuwar cancantar a tuna.

Wannan ciwon bai tsaya kan Plath ba, shi ya sa littafin ya zame mini fiye da gyaran jeri. Virginia Woolf ta rubuta ƙagaggun labarai 9, ita da mijinta sun kafa maɗaba'a tun 1917, a 1929 ta rubuta cewa mace na buƙatar kuɗinta da ɗakinta in za ta yi rubutu, amma da yawa abin da suka fara sani game da ita shi ne kogin da ta shiga a 1941. Anne Sexton, wadda suka zauna aji ɗaya da Plath a Boston a 1959 suna koyon waƙa wajen Robert Lowell, ta ci Pulitzer a 1967, amma 1974, shekarar da ta kashe kanta, ake fara ambata. Maza marubuta da yawa sun mutu irin wannan mutuwar, sai a karanta aikinsu a matsayin aiki, mutuwar ta zama layi ɗaya a tarihinsu. In mace ce, sai a karanta kowane baiti ana neman alamar ƙarshenta, kamar dai ba ta iya sana'ar ba, ciwo ne kawai ke magana da bakinta. Ni ma na yi haka, kuma ina ganin zalunci ne. Yana kuma da haɗari, domin yarinya mai shekara 21 da ke cikin ƙunci za ta iya ɗauka cewa ciwon ne ya yi waƙar, cewa sai an kai bakin rami ake samun irin wannan muryar. Ciwon damuwa ciwo ne, magani yake buƙata da mutane a kusa. Bai ba Plath waƙa ko ɗaya ba, sai dai ya hana mu waɗanda da za ta rubuta a shekara 40 da 50 da 60.

Hujjar hakan tana cikin littafin nan, a shafukan daftari. Waƙar da ta ba diwanin suna a kan doki ce, Ariel sunan dokin da take hawa ne a Devon, kuma ta gama ta ranar da ta cika shekara 30. In ka karanta ta a buge sai ka ɗauka a numfashi ɗaya ta fito, sukuwa ce daga duhun asuba zuwa cikin jar rana. Daftarorin sun nuna akasin haka. Ta rubuta, ta soke, ta gwada wata kalma, ta sake sokewa, ta rage ɗango mai tsawo ya koma kalma biyu ko uku. Na yi kusan awa guda ina bin kalma ɗaya daga shafi zuwa shafi don in ga inda ta tsaya. Wannan aikin mai hankali kwance ne, wadda ta san kari da amsa-amo tun tana yarinya, ta kuma san lokacin da za ta karya su. A shafukan farko na fayil ɗin ma ana ganin sunayen da ta fara ba littafin tana sokewa kafin ta tsaya a kan na ƙarshe.

To, sai aibobinsa, domin yana da su.

Na farko, kusan rabin littafin maimaici ne. Bayan ka karanta waƙoƙin 40, sai ka sake samun su 40 ɗin a hoton tafireta, kuma mafi yawan shafukan a tsabtace suke, babu gyara ko ɗaya. Mai bincike zai ji daɗi. Mai karatu irina zai juya goma ya gaji. Da an rage su an ƙara daftarorin wasu waƙoƙin, musamman na zuman, da ya fi amfani. Hotunan kuma babu launi, an ƙanƙanta su don su shiga shafi, rubutun hannun a wasu wurare sai an ƙura ido. Kwafina mai bangon takarda ne, ba ya buɗuwa ya kwanta, sai an danne shi da hannu, kuma tun yanzu gindinsa ya fara tsagewa a tsakiya.

Na biyu ya fi nauyi. Bayanan ƙarshen littafin na waƙafi da aya ne da bambancin kalma, babu abin da zai taimaki wanda ke karanta ta karo na farko. Waƙoƙin cike suke da sunayen wurare, da tatsuniyoyin Girkawa, da labaran Baibul, da abubuwan da suka faru a Turai. Akwai mai suna Thalidomide, sunan maganin da aka riƙa ba mata masu ciki a ƙarshen shekarun 1950, ya jawo aka haifi dubban jarirai da naƙasa a hannu da ƙafa kafin a janye shi a 1961. Wanda bai san wannan ba zai karanta ta ya wuce bai gane komai ba. Layi biyu na bayani sun isa, amma babu.

Akwai kuma abin da shirun ya fi yi mini ciwo a kansa. A waƙar dokin nan da nake yabo, ta kwatanta baƙaƙen 'ya'yan itace da kalmar ƙasƙanci da ake jifan baƙar fata da ita. A ta akwatin zuma, da ta leƙa ciki, abin da ya zo mata shi ne hannayen 'yan Afirka da aka cusa a jirgi za a kai kasuwa. A wasu biyu mafi shahara ta ari azabar da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa ta auna ciwonta da ita, abin da masu nazari suka daɗe suna muhawara a kansa. Akwai kuma ta kulle, wadda aka mayar a wannan bugun, inda ta sa lulluɓin macen Gabas ta yi magana daga ciki, alhali ba ta san wannan rayuwar ba sai daga nesa. Na tsaya cak a kan kalmar nan ta waƙar doki. Ina tsakiyar jin matar nan tana faɗin abin da ke raina, sai ga shi a ɗango ɗaya ta nuna mini cewa ba ni take gani ba in ta rufe ido tana tunanin mai karatu. Ba na cewa a goge kalmar, abin da ta rubuta ke nan, kuma littafin da aka yi don a nuna ainihin rubutunta ba zai gyara mata ba. Amma bugun 2004 ne, ba na 1965 ba. Ya kamata wani cikin masu shirya shi ya ga cewa wurin yana buƙatar magana. Matar da ta fi kowa iya faɗin yadda ake shafe mutum ta shafe wasu a hanya, kuma ina riƙe da abubuwan biyu tare duk lokacin da na buɗe littafin.

Na uku, kada sunan ya ruɗe ka ka ɗauka wannan ne Ariel na gaskiya, wancan na ƙarya. Plath ta gama jerin nan kafin ƙarshen 1962, ta ci gaba da rubutu har Fabrairu, kuma marubuciya ce mai yawan sauya jeri da suna. Abin da muke da shi hoton niyyarta ne a wani lokaci. Waƙoƙin ƙarshen da Hughes ya ƙara suna cikin mafi ƙarfi da ta taɓa yi, kuma babu su a nan. Ba zan iya cewa a jefar da siririn kwafin ba. Nawa yana nan kusa da sabon.

Wa zan ce ya saya? Duk wanda ya karanta tsohon ya ɗauka ya gama da ita. Duk mai rubuta waƙa da ke son ganin yadda ake sassaƙa ɗango. Wanda bai taɓa karanta ta ba ma gara ya fara da wannan, ya tsallake gabatarwar, ya karanta waƙoƙin a jere cikin zama biyu ko uku, da murya in zai yiwu domin ita kanta ta ce don a furta su ta yi su, sannan ya dawo ya ji ta bakin 'yarta. Turancin ba mai sauƙi ba ne, a ajiye ƙamus kusa. Amma 'yar'uwa, in kina cikin kwanakin da duhu ya yi miki yawa, ki ajiye shi tukuna, ki nemi wanda za ki yi magana da shi, ki ga likita. Ko a wannan jerin mai ƙarewa da toho akwai waƙoƙin da ke zagaya mutuwa kusa-kusa, kuma littafin zai jira ki.

Abu ɗaya na yi wa kwafina da hannuna. A ranar 5 ga Fabrairun nan da ta rubuta Edge, ta rubuta wata waƙar kuma, a kan balan-balan da suka rage a gidan tun bikin Kirsimeti, suna yawo a ɗaki kamar wasu dabbobin gida. Ƙaramin yaron ya kama ɗaya, ya leƙa duniya ta cikinsa, ya kai masa cizo, ya fashe, ya koma ya zauna da jan ƙyalle a dunƙulen hannunsa. Rana ɗaya, tebur ɗaya, mace ɗaya. Tana cikin tsohon bugu, amma shekara da shekaru ina wuce ta da sauri don in kai ga ta mutuwar. Sai yanzu na lura cewa waƙar farko ta littafin, ta jaririyar, ita ma da balan-balan ta ƙare, sautin bakin jaririyar ne ke tashi sama kamar su. Na kwafe ta balan-balan ɗin a farar takarda, na ninke, na sa ta a bayan ta zaman hunturu.